Hayakin da Ke Cikin Tulun Kasiani

Kasiani Chidosa, wanda muka rasa gab da Kirsimetin da ya wuce, gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya. Tafin hannunsa ya rine da ruwan inabi tun yana saurayi, har sabulu ya haƙura da shi. A ƙauyenmu da ke bayan Dodoma, in ka ce Kasiani ba kowa ne zai gane ba. Amma ka ce Baban Nyemo mai jar giya, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka soronsa.

A gonar inabin mishan ya fara aiki. Can ya koyi datse reshe bayan girbi, da ɗaure kuringa, wato itacen inabin, a jikin waya, da yadda mutum zai fasa ƙwaya ɗaya a harshe ya san ko zaƙi ya kai. Da ya auri Matika, 'yar masu shanu daga wani ƙauye a gindin dutse, sai ya bar mishan ya dasa tasa gonar a bayan gida. Inabi mai kyau yakan sayar wa masu mota da ke zuwa daga gari. Wanda tsuntsu ya tsattsaga, ko rana ta sa ya yamutse, shi yake tattakewa a babbar randa ya bar shi ya tashi, ya tace, ya ɗura a tuluna ya liƙe bakinsu da yumɓu.

Giyarsa ta farko ba ta shawuwa. Tsami ne da warin ɗanyar ƙasa. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya zuba wa tulun ido kamar wanda aka yi wa sata. Matika ta zo wucewa da Nyemo goye a baya, ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Baban Nyemo, wa ya turara maka tulun nan?"

"Turara kuma? Nono kika ga na zuba?"

"Ko nono ne ko ruwan inabi, ai ba a zuba abu mai rai a ɗanyen tulu. Haka Turawan naka suka koya maka?"

"Turawa a ganga suke zubawa."

"To kai ina gangarka?"

A wurinmu mace ba ta zuba madara a gora sai ta turara cikinsa da itace mai wuta, kuma kowane gida da irin itacensa, uwa ce ke nuna wa 'yarta. A bayan ɗaki ake yi, wurin da maza ba sa tsayawa. Namijin da aka gani yana leƙen mata suna turara gora, an sami abin yi masa dariya har ya tsufa. Saboda haka da girbi ya zagayo, Matika ta kwashe tulunan ta yi bayan ɗaki da su, shi kuma ya ɗauki fartanyarsa ya yi gona, kamar bai ga komai ba. Da ya dawo ya tarar da su a jere, cikinsu baƙi wuluk, suna fitar da wani ƙamshi mai sanyi.

Giyar da ta fito daga tulunan nan, duk wanda ya sha ta ba ya mantawa. In ta shiga baki zaƙin inabi ne ke fara yi maka sallama. Sai ka haɗiye, sannan wani hayaki mai laushi ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro, irin wanda ke kama zanen tsohuwa mai tsabta. Ran Lahadi bayan an taso daga coci mukan taru a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya fito da tulu ɗaya yana tafe yana baza ƙafa.

"Ku sha ku gode wa Allah da ya yi ku a zamanina," yakan ce. "Wannan ƙasar gonata ce kuke ji, da hannun nan."

Yeremia kafinta, wanda suka tashi tare kuma bakinsa ba ya raga wa kowa, yakan ce, "Hannun naka ne ke hayaki, gajere? To a kira masu ruwa kafin ka ƙone mana gari."

A yi ta dariya. Matika tana can ciki tana tuƙa tuwon dawa, tana jin komai. Ba ta taɓa leƙowa ta ce uffan ba. Shi ma ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Yana son matarsa, duk mun shaida. In ya je gari ba ya dawowa hannu sake, ko zane ko ɗan kifin tafki sai ya riƙo mata. Kawai a ganinsa turara tulu kamar sharar tsakar gida ce, abu ne da ke faruwa da kansa a gidan da akwai mace.

Nyemo kuwa, 'yarsu tilo, bai bari ta kusanci bayan ɗaki ba. Duk lokacin da ya ga uwar ta jawo ta wurin goruna sai ya ɗaga murya: "Maman Nyemo, sakar mini 'ya. Wannan ba za ta yi warin hayaki ba, farin kaya za ta sa." Haka kuwa aka yi. Ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya a Morogoro, kuma babu wanda ya kai shi alfahari.

Ciwon Matika bai daɗe ba. Zazzaɓi ne ya sauka mata a ƙirji ana tsakiyar girbi, kafin inabin ya gama tashi a randa an binne ta. A zaman makoki wani ya so ya sanyaya masa rai, ya ce ai ko ba komai Allah ya bar masa sana'arsa. Yayar marigayiyar, Mamvula, doguwar tsohuwa mai kunnuwa a huje, tana zaune cikin mata. Ta ɗago kai ta ce, yadda kowa zai ji:

"Wace sana'a? Giyar gidan nan ai tare muka binne su ɗazu."

Wurin ya yi tsit. Jijiyar wuyan Kasiani ta miƙe. Daga ranar bai sake taka ƙauyen surukansa ba.

Giyar shekarar ya ɗura ta a tulunan da ya wanke da ruwa kawai. Ba ta lalace ba, don tsohon turaren bai gama fita ba, amma da muka sha kowa ya sunkuyar da kai. Ta bayanta kuwa ja ce kawai mai zaƙi, ka haɗiye ka jira, ba abin da ke biyowa. Kasiani ya riƙe ƙoƙon ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya ce a hankali, "Kamar ɗakin da aka kwashe kaya."

Tun daga nan Kasiani ba shi da wani buri a duniya sai ya sake jin wannan ɗanɗanon a bakinsa, ko sau ɗaya. Ba don mu ba, ba don masu saye ba. Matika ba ta bar hoto ba sai wani guda na ranar aurensu wanda ya koɗe. Muryarta ta fara ɓace masa. Abin da yake ganin zai iya dawo da shi, hayakin nan ne kaɗai.

Sai dai bai san itacen ba. Shekaru sama da ashirin ana turara tulu a bayan ɗakinsa, bai taɓa tambaya ba. Ya duba inda take ajiye kayanta, bai sami komai ba sai toka da wata tsohuwar wutsiyar saniya. Tambayar matan maƙwabta kuwa, gara ya mutu. Don haka ya ja ƙyauren darni ya rufe, ya fara gwaji shi kaɗai.

Ya gwada tsamiya, giyar ta fito da ɗaci. Ya gwada bagaruwa, ta kama harshe kamar an tauna fata. Ya gwada aduwa, da magarya, da reshen dargaza, kowanne da tulunsa, kowanne sai an jira watanni kafin a san sakamako. Girbi biyu muke yi a shekara, don haka sau biyu a shekara yake ɗora rai, sau biyu ransa ke faɗuwa. Wani ɗan birni mai sayen inabi ya kawo masa ɓarɓashin wani itacen Turai a leda, ya ce a gasa a jefa cikin giyar. Ya yi. Yeremia ya kurɓa ya furzar.

"Kai, wannan ai ƙofar shagona ce da gobara ta lasa. In itace kake so, zo in ba ka ɓawon katako kyauta."

Shekarar da inabi ya yi albarka fiye da kima, tuluna suka kasa, sai ya sayo babbar gangar roba shuɗiya. Ya wanke ta, ya kifa ta bushe, sannan ya yi mata abin da duk ɗan ƙasarmu ya san ana yi wa mazubi: ya ciro itace mai ci da wuta ya cusa ciki, ya toshe bakin da tsumma. Kafin ya juya, gefen gangar ya lotsa kamar kitse a kasko, wani baƙin hayaki mai wari ya turnuƙe unguwa. Mata suka fito da bokitai suna ihu. Suka ture ƙyauren, suka tarar da Baban Nyemo a durƙushe a bayan ɗaki, wurin zaman mata, fuska duk baƙi, da guntun itace a hannu. Asirinsa ya tonu. An yi wata guda ana maimaita labarin a bakin rijiya. Shi kuwa ya daina fitowa gindin tsamiya, ya rame, babbar muryar nan ta koma ciki.

Da Nyemo ta zo hutu, ya jira har ta gama cin abinci, sannan ya tambaye ta yana kallon ƙasa.

"Uwata, ba ki taɓa ganin irin itacen da mamanki ke sawa ba?"

"Baba, ina zan gani? Kai ne fa kake kore ni daga wurin."

"Ko launinsa? Ko ganyensa?"

"Ƙamshin kawai na sani. Ka je wurin Inna Mamvula mana. Kakata su biyu ta koya wa."

"In je in durƙusa wa matar da ta ci mutuncina a kan gawar matata?"

"To ka ci gaba da ƙona ganguna."

Ya ƙi zuwa. Shekaru suka shuɗe a haka, kuma wannan ne abin da ke ci mana rai har yau, mu da muke tare da shi kullum: tafiyar ba ta fi ta wuni ɗaya ba.

Abin da ya karya taurin kansa jikinsa ne. Ƙafafunsa suka fara kumbura, in ya yi layi ɗaya a gona sai ya dafa turke yana haki. Nyemo ta kai shi asibiti aka ce zuciya ce. Ya dawo da ƙullin magani, ya tsaya ya dubi inabin rani da ke nuna a kan waya, ya san ba lalle ne ya ga wani girbin ba. Da sassafe ya sa aka ɗaure tulu ɗaya a bayan babur, ya sayi sukari da garin taba, aka kai shi gindin dutse.

Ya tarar da Mamvula tana ɓarar gyaɗa a ƙofar soro. Ta tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Ta kare goshi da hannu ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa nake gani kamar mijin ƙanwata? Ashe kana da rai? Na ji an ce ka koma ƙera ganguna."

"Yaya, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Wannan tulun fa? Giyar hannunka ka kawo mana, ko ta ƙasar gonarka?"

Ya sauke kansa. "Ba komai a ciki, Yaya. Abin da kika faɗa ranar nan gaskiya ne. Na zo ki nuna mini."

Tsohuwar ta ture tiren gyaɗar gefe, ta share hanci da bakin zane.

"Ranar nan zafi ne ya sa ni magana," in ji ta. "Na ɗauka za ka zo ka zage ni bayan sati biyu, mu shirya. Kai kuma gajere, zuciya kamar dutse. Tashi mu je baya."

"Baya?"

"A nan kake so in yi maka, a bakin hanya? In kana so, sai ka zauna inda ake yi."

Ya bi ta. Surukanta mata biyu suna can suna wanke goruna. Da suka ga namiji mai furfura ya shigo rungume da tulu, suka rufe baki da zane suna ƙyaƙyatawa. Mamvula ta tura masa 'yar kujerar mata, ya zauna gwiwoyinsa a ƙirji.

"Me da me ka gwada?"

Ya lissafa mata. Da ya kai kan dargaza sai ta ɗaga hannu.

"Dargaza ka ce? Wane ɓangare?"

"Reshe."

"Reshe! Tuwo za ka dafa?" Ta miƙa hannu cikin rufin rumfa ta zaro wani murɗaɗɗen abu, baƙi saboda daɗewa a hayaki. "Saiwa ake sawa. Kuma ba ta fadama ba, ta kan dutse, wadda ta sha wuya. A tono ta da rani, a soke ta a saman murhu ta shekara. Kana tsammanin me ke kawo matarka nan duk rani? Gaishe ni? Ni da ita ba ma wuni ba mu yi faɗa ba. Dutsen can take hawa da 'yar fartanya, ta ɗauko a ka har gidanka."

Kasiani ya juya ya dubi dutsen. Ya tuna yadda yakan yi mata mita in ta ce za ta gida, yana cewa aiki ya yi yawa a gona.

"Na taɓa ce mata ta nuna maka," in ji Mamvula, muryarta ta sauka. "Ta ce, 'Yaya, ranar da ya tambaya zan nuna masa, har in riƙe masa hannu.' Ungo, sa a wuta."

Da hannunsa ta sa ya yi komai. Ya cusa kan saiwar a garwashi har ya yi ja. Ta ce ya hure harshen wutar tukuna, don wuta ba ta shiga mazubi, garwashi ne ke shiga. Ya zura ya goga a cikin tulun, yana juyawa daga gindi zuwa wuya, ya toshe bakin da tafinsa har zafi ya sa shi cije leɓe. Ya sake, ya kuma. Sannan ta ba shi wutsiyar saniya ya share gawayin da ya maƙale. Da ya kai hancinsa bakin tulun, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Matan nan biyu suka daina dariya, suka kwashi gorunansu suka ba shi wuri.

Da zai tafi ta ɗaure masa sauran saiwar, ta riƙe hannun rigarsa.

"Saurara, mai jan hannu. In ka ɗura ka liƙe, kada ka buɗe sai Kirsimeti. Hayaki sai ya kwanta. In ka yi gaggawa toka za ka sha, ka ce na cuce ka."

"Na ji, Yaya."

"Ku maza haka kuke cewa."

Ya dawo kamar an sauya shi. Ya tsinke inabin da kansa, yana yi yana hutawa. Ya tattake, ya tace, ya ɗura a tulun nan guda, ya liƙe bakin da yumɓu ya shafe shi sumul. Ya sake fitowa gindin tsamiya. Da Yeremia ya tsokane shi da cewa yanzu saura ya ɗaura zane, sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Da na ɗaura tun da wuri, da na fi haka hankali." Kuma a nan, a gaban kowa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba: giyar da muka sha shekara da shekaru ta Matika ce, shi inabi kawai ya kawo.

Zafin da ke zuwa kafin ruwan farko ya kwantar da shi. Numfashi ya yi masa wuya, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Nyemo ta ɗauki hutu ta zo. Ita da ta san aikin, ta duba ƙafafunsa, ta saurari ƙirjinsa, ta fita waje ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo. Ya sa an kawo tulun kusa da gadonsa, yana ɗora hannu a kai kamar mai lallashin jariri.

"Baba," ta ce, "bari in fasa yumɓun nan in ɗiba maka ko cokali ɗaya."

"Kirsimeti ta yi?"

"Saura kaɗan. Ba wani bambanci."

"Akwai. An ce hayaki sai ya kwanta."

Yeremia yana bakin ƙofa, ya kasa daurewa. "Kai gajere, don girman Allah ka sha abinka. Wa zai gaya wa tsohuwar? Tun muna yara ban taɓa ganin ka bi maganar kowa ba, sai yau?"

Kasiani ya yi murmushi, ya daɗe yana tara numfashi kafin ya amsa.

"Shi ya sa. Duk rayuwata mata suna faɗa ina tsallakewa. Wannan guda ɗaya zan bi. In na buɗe na ji toka, da wace fuska zan tafi? Ba na son in same ta rabi. Zan jira."

Muka yi ta roƙonsa, kowa da irin dabararsa. Bai yarda ba. Ya yi imani zai kai, kuma gaskiya mu ma mun so mu yarda da shi, don ranar da aka yi ruwan farko ya nemi a buɗe masa taga, ya sha kunu da yawa, har ya tambaya ko an fara datse kuringa. Washegari da hantsi, Nyemo tana shanya a waje, ya cika. Hannunsa na kan tulun.

Mun binne shi kusa da Matika, a bayan gonar.

Ranar Kirsimeti bayan coci muka taru a gindin tsamiya. An ɗauko Mamvula a babur. Nyemo ce ta fasa yumɓun da bayan wuƙa. Ba ta kai ga zubawa ba, ƙamshin kawai ya taso, ta saki wuƙar ta ce, "Mama," ta durƙushe a wurin.

Ƙoƙon farko aka kai bayan gona aka zuba a kan kaburburan biyu, yadda ake yi. Na biyu aka miƙa wa tsohuwar. Ita ba ta shan giya, amma ta tsoma yatsa ta lasa, ta rufe idonta mai gani, ta juya abin a baki.

"Hayakin ya ɗan yi nauyi," in ji ta. "Hannun namiji ne. Amma ita ce."

Ƙoƙon ya zagaya. Zaƙin ya shiga, muka haɗiye, hayakin ya biyo baya ya zauna. Da ya iso hannun Yeremia, ya kurɓa, ya riƙe a baki ya ƙi haɗiyewa, hawaye na bin gemunsa. Can ya haɗiye, ya juya wajen gonar ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙarshen layi.

"Ka samu, gajere! Ka ji ko? Ka samu, mai taurin kai."

Ya ajiye ƙoƙon a ƙasa, ya tashi ya tafi gida bai yi wa kowa sallama ba.